Zaure da Cikin Gida: Kulle Wi-Fi a Dawanau

A Kasuwar Dawanau, wadda ke kan hanyar Katsina a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, ciniki ya daɗe da shiga waya. Hoton riɗi da zoɓo yana tafiya ta WhatsApp, kuɗin tirelar wake yana faɗowa ta banki. Saboda haka 'yar na'urar Wi-Fi da ke rataye a ofishin sito ita ma ƙofa ce, kuma ƙofar dukiya. Duk sa'ad da aka kira ni in saita irinta, tambaya biyu nake yi: wa zai shiga, kuma wa zai ji abin da ake faɗa a ciki?

Ta biyun ta fi sauƙi. Saƙon Wi-Fi a iska yake tafiya, katanga ba ta tsare shi, dole a lulluɓe shi da mabuɗin sirri. Tsohon tsari mai suna WEP, masana sun fasa shi tun 2001. WPA2 ya zo a 2004, WPA3 kuma a 2018. Na ƙarshen nake zaɓa in wayoyin gidan sun karɓe shi. In ba haka ba, WPA2 da doguwar kalmar sirri. Tsarin yana ɗaukar harafi 8 zuwa 63, don haka babu dalilin sa lambar wayar maigida, wadda ke rubuce a allon shago. Ina kashe WPS, wanda aka gano rauninsa a 2011, in sauya kalmar shiga saitin na'urar da ta zo da ita daga kamfani.

Ta farkon ce mai wuya, domin ta shafi mutunci. Direban da ya kwana yana jiran lodi, ko dillalin da aka yi shekaru ana hulɗa da shi, in ya ce a ba shi Wi-Fi, hana shi rowa ce. Amma kalma ɗaya a hannun kowa tamkar mukulli ɗaya ne na sito. Wanda ya karɓa ya zauna layi ɗaya da kwamfutar akawu, kuma yaron da aka sallama bara yana nan da nasa.

Gidan Bahaushe ya riga ya warware wannan. Baƙo yana da zaure: a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa, ba ya wuce nan. Yawancin na'urorin yau suna da layin baƙi, wanda ke kai mutum intanet kawai. Shi nake buɗe wa jama'a, a riƙa sauya kalmarsa. Layin ciki na maigida ne da akawu. Inda ma'aikata suka yi yawa, tsarin 802.1X yana ba kowa sunansa da mabuɗinsa, wanda ya bar aiki a soke nasa shi kaɗai.

Da wannan, mai sito zai ci gaba da karrama baƙonsa, littafin bashinsa kuma yana can ciki.