Garin Maƙera a Bakin Kogin Enns

Koguna biyu ne suka haɗu a tsakiyar garin Steyr, a ƙasar Ostiriya. Babban shi ne Enns, ƙaramin kuma sunansa ɗaya da garin. In ka tsaya a kan gadar da ke mahaɗarsu, sai ka ga ruwan ƙaramin garai-garai yana shiga na babban, su ɗan yi tafiya tare kafin su gauraye. Can sama da su, a kan tudu, ga tsohuwar fadar Lamberg. Mutanen garin ba su kai dubu 40 ba. Potiskum ta ninka shi ba sau ɗaya ba. Amma wannan ɗan gari shi ne asalin motar noman da ta yi wa iyayenmu kaftu a Damagum, kuma saboda ita na ware lokaci cikin wata tafiya da ta kai ni Viyana, na ce sai na ga mahaifarta.

Duk wanda ya yi wayo a yankinmu cikin shekarun 1980 ya san tantan ɗin Steyr, ja da fari, mai faffaɗar taya a baya. Lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Borno, don sai a 1991 aka yanke Yobe. Da ruwan shuka ya kusa, sai ka ji ruguginta a bayan gari, yara na bin ta a guje, magidanta na sintiri a ofishin gona don a sa sunansu a layin haya. In ta gama haro a ɗaura mata tirela ta kwashi taki ko yashi, da kaka kuma ita ke jido dammunan gero da buhunan wake da gyaɗa. A Bauchi ake haɗa ta a lokacin. Cikin shekarun 1970, da kuɗin mai ya shigo, Gwamnatin Tarayya ta yi haɗin gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun haɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu, Fiat a Kano, Steyr kuma a Bauchi. An kafa kamfanin Bauchi a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirinta na ciyar da ƙasa, ya fara fitar da tantan da manyan motoci a 1979.

Daga Viyana jirgin ƙasa na hau ya yi yamma da ni, na sauka a St. Valentin, na canza wani ƙarami zuwa Steyr. Hanyar duk gonaki ce: masara, alkama, da itatuwan marmari jere a gefen kunya. Gidajen manoman nan manya ne masu kusurwa huɗu, ɗakin kwana da turken shanu da rumbu da ma'ajiyar kayan aiki duk a gini guda, da tsakar gida a tsakiya. Ban ga tantan ko ɗaya da aka bari a fili ruwa na dukanta ba. Kowace tana da rumfarta.

Ƙira a Steyr ta girmi tantan da ɗaruruwan shekaru. Kudu da garin akwai dutsen tama da ake kira Erzberg, kuma ta kogin Enns ake gangaro da ƙarfensa. A 1287 mai mulkin ƙasar ya ba garin wata dama: duk ƙarfe da katakon da za a wuce da su, sai an sauke an fara yi wa 'yan gari tayi. Daga nan maƙera suka yi kaka-gida. Suka haƙa magudanai daga ƙaramin kogin, ruwa na juya musu dutsen wasa wuƙa da manyan guduma, wuƙaƙen Steyr suka shiga kasuwannin nesa. Unguwar maƙeran, Wehrgraben, tana nan har yau da magudananta. Na bi ta da ƙafa, ƙarar ruwa ta ko'ina, tsofaffin masana'antun jan bulo wasu sun zama makaranta, ɗaya kuma gidan tarihin ma'aikata da aka buɗe a 1987.

Wani ɗan garin, Josef Werndl, shi ya mayar da sana'ar gado masana'anta. A 1864 ya kafa kamfanin ƙera bindigogi, ya kawo salon da ya gano a Amurka na yin kowane sashe da awo ɗaya, ta yadda in ɗaya ya lalace wani zai shiga gurbinsa ba sai an goge ko an daka ba. Kamfanin ya fara kekuna a 1894. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka taƙaita wa Ostiriya ƙera makamai, ya koma motoci. A 1934 ya haɗe da wasu aka samu Steyr-Daimler-Puch, sunan da ya zo Bauchi.

Akwai baƙin babi a tarihin, kuma mutanen garin ba su binne shi ba. Zamanin mulkin Nazi, masana'antun nan makaman yaƙi suka yi, da gumin fursunonin da aka kawo daga sansanin Mauthausen da dubban mutanen da aka tilasta wa aiki. Ƙarƙashin fadar Lamberg akwai ramin fakewa daga bom da fursunonin suka haƙa. A 2013 aka mayar da shi wurin tunawa da su. Na shiga. Sanyi ne da duhu, da hotuna da labarin waɗanda suka mutu a wannan bauta. Na girmama garin da ya iya buɗe wa baƙo wannan ƙofa, alhali zai iya nuna masa kogi da fada kawai ya sallame shi.

Yaƙi ya ƙare a 1945, bom ya rushe sashen masana'antar, ƙasa na hannun sojojin mamaya, ga yunwa. Cikin wannan hali, a 1947, tantan ta farko ta fito: Steyr 180, mai injin dizal silinda biyu, ƙarfin doki 26. Koriya ce mai dunƙulallen goshi, manoma suka laƙaba mata kwaɗo. Amma wadda ta canza noman ƙasar ita ce ƙanwarta, Steyr 80, da ta fito a 1949. Silinda ɗaya tak gare ta, ƙarfin doki 13, daga baya aka kai shi 15. Manoman Ostiriya na wancan zamani yawancinsu ƙananan gonaki gare su, wasu a jikin tudu, da doki ko sa suke huɗa. Injiniyoyin suka dubi wannan manomi suka yi masa mota daidai gonarsa, daidai aljihunsa. Kafin a daina yin ta a 1964 an ƙera kusan dubu 45. Masu manyan gonaki da masu jan gungume a daji su ma ba a bar su ba: a 1952 aka fitar musu da Steyr 280, silinda huɗu, ƙarfin doki 60.

Hikimar da ta fi ɗaukar hankalina tana cikin injin. Awon silinda ɗaya suka tsayar, suka yi ta jera shi. In guda ɗaya ne, ƙaramar tantan ke nan. In biyu ne, kwaɗo. In huɗu ne, babbar tantan, ko kuma babbar motar ɗaukar kaya Steyr 380 da ta fito a 1948. Fistan da zobensa da hannun rigar silinda na ƙaramar, su ne dai a cikin babbar. Duk wanda ya taɓa zaman garejin gyaran tantan ya san darajar wannan. Mai sayar da kayan gyara a ƙauye ba sai ya tara iri goma ba. Bakaniken da ya iya kwance ɗaya ya iya sauran. Manomin da motarsa ta tsaya ranar shuka yana iya samun abin da ya lalace a garin da ke kusa, ya koma gona kafin ƙasa ta bushe. Darasin Werndl na bindiga ne aka juya shi ya koma ciyar da mutane.

Na ga wannan da idona ranar wata Lahadi, a wani ƙauye da ke kusa, inda masu tsofaffin tantan suka yi gangami. Wani ɗalibi ɗan Arewa da ke karatu a Linz ne ya raka ni, shi ke yi mini tafinta. Filin cike yake, koraye da jajaye, an wanke su an shafe su da mai, jikoki na zaune kusa da kakanni. Muka tsaya wurin wani dattijo mai Steyr 80 da ya gada daga mahaifinsa. Da ya ji daga Nijeriya nake, sai ya ce ya san an taɓa kai irin motocinsu can. Ya tayar da ita don in ji: tum, tum, tum, a hankali, har kana iya ƙirga bugun, jikinta duka na girgiza. Na ce wa ɗalibin ya tambaye shi ko ta ado ce.

“Yallaɓai, ya ce har yanzu ita ke jawo masa itace daga daji,” in ji yaron. “Wai babbar ba ta iya shiga tsakanin bishiyoyi.”

Dattijon ya buɗe akwatin ƙarfe ya ɗauko littafin kayan gyaranta, ya yi baƙi da maiƙo, kowane ƙusa da lambarsa da zanensa. Ya ciro wani ƙaramin littafi inda mahaifinsa ya fara rubuta ranar da aka canza baƙin mai, shi kuma ya ci gaba daga inda tsohon ya tsaya. Ya ce duk abin da ya ci, da lambar nan zai yi oda a kawo masa har gida, don akwai 'yan kasuwar da sana'arsu ke nan, sayar da kayan motocin da aka daina yi fiye da shekara 50. Na daɗe ina juya littattafan nan biyu a hannuna.

Dattijon ne kuma ya yi mini bayanin ƙungiyar aron injina ta manoma. Wani Bajamushe, Erich Geiersberger, ya kawo tunanin a 1958 a yankin Bavariya, Ostiriya ta ɗauka a 1960. Mai tantan, da mai injin girbi, da mai injin shuka su yi rajista a ofishi guda. Wanda ke buƙatar aiki ya kira, a turo masa maƙwabcin da ke da injin, a biya shi a kan farashin da kowa ya sani tun farkon shekara. Gayya ce irin tamu, sai dai an sa mata littafi da lissafi. Injinan na manoma ne, shi ya sa mai tuƙi ba ya yi musu riƙon dukiyar gwamnati. Ga kuma tsarin koyon sana'a: yaro ɗan shekara 15 ya shiga gareji, galibin koyonsa a hannun maigida, saura a aji, bayan shekara 3 zuwa 4 ya fito da takardar da ko'ina a ƙasar za a karɓa.

Yau ba a haɗa tantan a cikin garin Steyr. Tun shekarun 1970 aikin ya koma St. Valentin, a harabar da aka gina don tankokin yaƙi. Kamfanin uwa ya watse gunduwa-gunduwa: manyan motoci suka koma hannun MAN na Jamus, sashen tantan kuma Case na Amurka ya saye shi a 1996. A 1999 Case ya haɗe da New Holland, wanda a lokacin ke ƙarƙashin Fiat. Ka ga ke nan tantan ɗin Bauchi da ta Kano, da suka yi gogayya a gonakinmu, yanzu 'yan gida ɗaya ne. Masu kamfani sun canza, amma masana'antar na aiki, sunan na nan a goshin sababbin motoci, 'yan yankin ne kuma ke haɗa su.

Namu labarin ya bi wata hanya. Haɗi ake yi a Bauchi, yawancin sassan daga waje suke zuwa, da kuɗin waje ake biya. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, naira kuma ta karye daga 1986, kawo kayan ya yi tsada, babban mai saye, wato gwamnati, ya ja baya. Duk masana'antun nan shida sun sha wannan wuya. Tantan ɗin da suka rage a hannun hukumomi suka yi ta tsayawa ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa a kan abin da bai fi tafin hannu ba.

Waɗanda suka rayu kanikawa ne suka raya su, kuma ban yarda dattijon can ya fi namu basira ba. Potiskum gari ne na tireloli da masu gyaran manyan injina. Akwai wanda da kunne kawai zai gaya maka silindar da ke ciwo. Su ne suka riƙa kwance matacciya su tayar da mai sauran numfashi, ba littafi, ba lamba, ba mai kawo kaya. Da na dawo na je wurin ɗaya daga cikinsu, tsohon da ya gyara Steyr tun tana sabuwa, na nuna masa hotunan a waya. Bai damu da manyan ba. Ƙaramar ya sa na dawo masa da ita, ya sa na ƙara girman hoton wajen injin, ya yi ta tambaya: mai nawa take sha, garma baki nawa take ja, za ta iya da jigawa?

Na ce, “Baba, ƙarfin doki 15 ne fa kawai.”

Ya ce, “Malam, gonakin Damagum nawa ne suka fi ƙarfin wannan? Ai mai kadada biyu ba babbar mota yake jira ba, wadda za ta zo masa cikin makon da ruwa ya sauka yake jira. A kawo irinta, a ajiye fistan da famfon mai a kasuwar nan, a ba ni yara biyar masu karatu in koya musu. Sauran aikin namu ne.”