Ƙirga Talatin a Tafkin Rutundu

'Yan'uwa matasa, lokacin da muke karatun tauhidi a Kenya, mu uku muka hau Dutsen Kenya zuwa Tafkin Rutundu, sama da mita 3,000. A can akwai kifin tirawut, wanda Turawan Ingila suka kawo ƙasar a farkon ƙarni na 20.

Ba a sa masa tana. Ƙugiya ake naɗewa da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro. Mu da muka tashi a bakin Binuwai muka ce ai wannan wasan yara ne. Ko abincin dare ba mu ɗauko ba.

Tun safe muke jefawa a saman ruwa, har rana ta take, ko motsi. Jagoranmu, dattijo marar yawan magana, ya sauya mana igiya mai nutsewa. Ya ce in haske ya yi yawa kifin ƙasa yake komawa, mu jefa, mu ƙirga talatin kafin mu ja. Ɗayanmu ya tuno da Siman Bitrus a Luka 5, yunwa ta hana mu dariya.

Ƙirgar nan ta fi mana hawan dutsen wuya. Sau da yawa a goma muke ja. Kifi ɗaya muka samu, dab da faɗuwar rana, muka raba shi huɗu.