Yauƙin da ke cikin robar Baffa

Shekarar da kumburin furostat ya toshe wa Baffana hanyar fitsari, ni aka damƙa wa jinyarsa, domin ina Gusau, shi kuma yana nan kusa, a Bungudu. Aka sa masa robar fitsari, aka ce mu riƙa kai shi ana canjawa duk wata kafin a yi masa aiki. Wata biyu muka kiyaye. A na uku sai rashin kuɗin mota da fargabar hanya suka sa muka ƙara mako biyu a kai. Wani dare fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura, zazzaɓi ya rufe tsoho.

Da gari ya waye muka kai shi asibiti, nas ta zare robar, ta tsaga ta da almakashi ta nuna mini. Wani yauƙi ne ya lulluɓe cikinta, gauraye da ɓarɓashi kamar tsakuwa. Ta ce, "Malam, ka taɓa shafa cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba? To, irinsa ne."

Daga baya na bi diddigi. Masana na kiran yauƙin nan bayofim. Ƙwayoyin cuta ne ke manne wa roba, su fitar da wani danƙo su fake a ciki, har maganin da zai kashe su a fili ya kasa cim musu. Mafi ɓarna a roba ita ce wadda ake kira Proteus mirabilis. Tana farfasa sinadarin yuriya ya koma amoniya, tsamin fitsari ya ragu, sai gishirin da ke narke a cikinsa ya dunƙule ya toshe hanya. Duk kwanan da roba ta ƙara a jiki, haɗarin shigar ƙwayoyin na ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin 100. In ta kai wata, da wuya a samu wadda ta kuɓuta.

Muna asibiti Gwaggo ta iso daga Tsafe da ƙullin bagaruwa da ganyen sabara. Ta ce, "Ɗan nan, a jiƙa a tace, a ɗura ta cikin robar. Ai da su muke wanke gyambo tun muna yara." Na ƙi, ta kuma ji zafi ƙwarai, har ta kwana ba ta yi mini magana ba.

Har yau abin yana taɓa zuciyata, domin tunanin Gwaggo bai yi nisa da na masu bincike ba. Su ma tsirrai suka koma wa. A 2010, a Jami'ar Konetikat ta Amurka, an nuna cewa wani sinadari na kirfa yana hana ƙwayar E. coli kafa yauƙi a kan robar fitsari. An yi ta gwada man kanumfari. A Denmak an gano tafarnuwa na ɗauke da abin da ke katse saƙon da ƙwayoyin ke aika wa juna kafin su haɗa kai su yi gini. Sai dai yawancin wannan aiki a ɗakin gwaje-gwaje yake, da sinadari tatacce, aunanne. Jiƙon da aka yi a kwanon gida yana tafe da nasa ƙwayoyin, roba kuwa ƙofa ce buɗaɗɗiya zuwa mafitsara, daga nan sai ƙoda.

Abin da ya daidaita mu lemun tsami ne. Masu bincike a Birtaniya sun gano cewa yawan shan ruwa tare da ruwan lemun tsami na jinkirta dunƙulewar tsakuwar nan. Likita ya amince Baffa ya riƙa sha, Gwaggo ta karɓi aikin matsa lemun kowace safiya. Muka kiyaye ranar canji, muka riƙa ajiye jakar fitsarin ƙasa da mara, ba mai taɓa ta sai ya wanke hannu. Robar ba ta sake toshewa ba har aka yi aikin.

Ƙullin bagaruwar nan kuwa yana nan a wurina. Malamai da ɗaliban kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Gusau, don Allah ku ɗauki bagaruwa da sabara da marke ku gwada su a kan yauƙin roba, ku auna, ku faɗa mana sakamakon da Hausa, yadda Gwaggo za ta ji da kunnenta.