Daga Baturiya zuwa teburin mai gyara: ranar da kyamararmu ta ɗauke wuta

Kogin Haɗeja ba mai gaggawa ba ne. Daga yankin Kano yake tasowa, inda Kogin Kano da na Challawa suka haɗu, ya bi ta Wudil ya shigo Jigawa. Da ya wuce garin Haɗeja sai ƙasa ta shimfiɗe masa, ya rasa gangare, ya rarrabu rassa-rassa, ya bazu cikin fadamu har Nguru da Gashuwa a Jihar Yobe. A can gaba ne ruwansa ke haɗuwa da na Kogin Jama'are su nufi Tafkin Chadi. A wannan shimfiɗa ake noman shinkafa da damina, a yi alkama da tattasai da albasa da rani, masunta su kama tarwaɗa da karfasa, Fulani su kawo shanu, mata su saƙa tabarma da kabar goruba.

Akwai kuma baƙin da ba su da fasfo. Duk shekara, idan sanyi ya tsananta a Turai da Rasha, tsuntsayen ruwa kan tsallako hamadar Sahara su sauka a nan, su yi hunturu tare da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe na gida, sannan wajen watan Maris ko Afrilu su koma. Saboda su da sauran halittun wurin aka sanya fadamar Baturiya, a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a shekarar 2008, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971.

Waɗannan baƙi muka je ɗauka a hoto, mu 'yan ƙungiyar ɗaukar hoto ta makarantarmu tare da malaminmu na ilimin ƙasa. Kyamara ɗaya ce gare mu, ita ma aro ce, wani tsohon ɗalibi ya ba mu amana. Muna son hotunan ne don baje koli a ƙarshen zangon karatu, kuma mun san kuɗin mota ba zai ishe mu zuwa sau biyu ba. Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, tun daren jiya muka cika batir da caji, muka share katin ajiya.

Hanyar kanta darasi ce. Hazon Janairu ya rufe sama, rana ta yi fari kamar faranti, ƙura kuwa ta shiga ko'ina, har tsakanin haƙora. A bakin ruwa mai kwale-kwale ya tura mu ta wani siririn lungu tsakanin ciyawar kacalla wadda ta fi mutum tsayi. Ya ce a zamanin mahaifinsa nan fili ne na ruwa. Malam ya ƙara mana bayani cewa tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin zuwan ruwa ya sauya: ambaliyar damina ta ragu, ruwan rani kuma ya daina yankewa a wasu rassan, kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi. Wani ƙauyen ruwa ya yi masa yawa, wani kuma ya rasa.

Mun ɗauki hotuna kusan arba'in. Sai ga wani garken agwagin ruwa ya tashi gaba ɗaya daga bayan kacalla, fukafukai na ƙara kamar ana kaɗa tabarmi. Wadda ke riƙe da kyamara ta ɗaga, ta danna. Shiru. Fuskar kyamara ta yi baƙi ƙirin. Babu gargaɗi, babu alamar batir ya yi ƙasa. Muka kashe, muka kunna, muka cire batir muka mayar. Ko motsi. Mai kwale-kwale ya dube mu ya ce, “Yara, ta mutu ke nan?” Babu wanda ya iya ba shi amsa, domin kowa tunanin mai kyamarar yake yi.

Da la'asar muka koma cikin garin Haɗeja, muka nufi layin masu gyaran waya. Biyu sun ce ba sa taɓa kyamara, kuma mun ga girmansu a kan haka. Na ukun, wani magidanci mai tabarau, ya ce zai duba abin da ke waje kawai, ba zai buɗe cikinta ba. Yadda ya bi aikin daki-daki shi ne abin da muke so ku riƙe.

Da batir ya fara. Ya ɗora masa wayoyin mita, ta nuna volt 7.9. Irin wannan batir na litiyom ƙwayoyi biyu ne a ciki, an rubuta masa 7.2, idan ya cika yakan kai 8.4. “To akwai wuta,” in ji shi, “amma kada mita ta ruɗe ku, samari. Tsohon batir ko na jabu yakan nuna lafiya a zaune, da an ɗora masa aiki sai ya durƙushe, kamar jakin da bai ci ba.” Wannan ne ya sa kyamara kan mutu daidai lokacin da aka danna, domin a sannan ne take jan wuta da yawa. Hanyar tantancewa ita ce a gwada wani batir da aka tabbatar da lafiyarsa. Ya aika yaronsa ya aro ɗaya daga wani mai hoton biki. Aka saka. Shiru dai.

Sai ya koma kan 'yan ƙarafunan nan masu ruwan zinariya da ke haɗa batir da kyamara. Ƙura da gumi da laima sukan yi musu wani siririn datti da ido ba ya gani, amma ya isa ya tare wuta. Ya goge su da auduga da ɗan sifirit. Ya zare katin ajiya ma, domin lalataccen kati kan hana wasu kyamarori tashi. Har yanzu shiru.

Daga nan ya haska tocila a bakin murfin batir, ya nuna mana wani ɗan maɓalli da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Kyamarori da yawa suna da shi, wasu har a murfin kati. Aikinsa shi ne ya shaida wa kyamara cewa an rufe ƙofa. Idan bai dannu ba, kyamara za ta ɗauka ƙofa a buɗe take, ta ƙi kunnuwa, don kada wuta ta yanke tana tsakiyar rubuta hoto a kati. Namu ya cushe da ƙurar hunturu, murfin kuma ya saki saboda tsufa. Ya hure wurin da 'yar robar hura iska, ya taɓa maɓallin da tsinke har ya fara dawowa da kansa, ya rufe, ya murɗa makunni. Fuska ta kawo haske. Ihun da muka yi sai da masu sayar da caja na gefe suka leƙo. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin motar mutum ɗaya ba.

A kan kantarsa akwai wata kyamarar da ba ta yi irin wannan sa'a ba. Ta wani mai hoto ce daga wani ƙauyen fadama, ta faɗa ruwa. Mutanen yankin nan sun san ruwa, ambaliyar 2022 kaɗai ta cinye gidaje da gonaki masu yawa, amma ba kowa ya san abin da ruwa ke yi wa na'ura ba. Mai ita ya yi ta kunna ta don ya ga ko tana aiki, sannan ya binne ta cikin buhun shinkafa kwana uku. Mai gyaran ya girgiza kai. Kunnawar ce ta fi yin ɓarna: ruwan kogi yana ɗauke da laka da gishiri-gishiri, idan wuta ta bi ta cikinsa sai ta haɗa hanyoyin da bai kamata su haɗu ba, ta ƙona ɗan fiyus ko wani abin da ya fi shi tsada. Shinkafa kuwa, a ƙasar da ake noma ta ma, ba ta tsotso ruwan da ya shige can ciki, sai dai ta ƙara gari. Abin yi shi ne a cire batir da kati nan take, kada a kunna, a goge, a kai wa gwani da wuri kafin tsatsa ta kama.

Muka tambaye shi me ya sa ba zai buɗe ta ba, alhali kullum yana buɗe wayoyi. Ya ce a cikin kyamara mai filasha akwai wani ɗan gwangwani da ke tara wuta, yakan riƙe volt kusan 300 ko bayan an cire batir, kuma yana iya jefar da mutum daga kujera. Ku ji wannan da kyau, ku masu son kwance rediyo da sukudireba a gida. Ban da haka, kayan gyaranta ba a samun su a nan. Kano zai aika ta, tafiyar kusan kilomita 200, wurin masu gyaran kyamara, kuma ya riga ya gaya wa mai ita cewa idan babban allon cikin ne ya ƙone, kuɗin gyara zai iya kusan kai na sayen wata ta hannu. A ganinmu mai gyaran da zai faɗi haka tun kafin ya karɓi ko sisi ya fi wanda zai ce “kawo, ba komai” ya mayar maka da ita da sukurori uku a leda.

Kafin mu tafi ya ja mana kunne a kan abubuwan da wannan ƙasa ke yi wa kyamara. Yawancinsu an ƙera su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, zafin Haɗeja a watan Afrilu kuwa yakan haura haka, don haka kyamarar da aka bari a rana ko cikin rufaffiyar mota tana iya kashe kanta, sai ta huce ta dawo. Wanda ya fito da ita daga mota mai sanyin na'ura zuwa iskar fadama da damina zai ga raɓa ta kwanta a gilashi, kuma irinta na kwanciya a ciki. Gara a bar ta cikin jaka ta saba da iskar waje tukuna. Caji da janareta mai hawa da sauka yana kashe caja, cajar da ta lalace kuma takan nuna kore alhali batir bai cika ba.

Hotunanmu arba'in suna nan lafiya, domin a kati suke, ba a batir ba. Mutuwar kyamara ba ta cika taɓa abin da aka riga aka ajiye ba. Babu garken agwagin nan a cikinsu. Akwai zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, da wani yaro kwance a kan gora yana jan koma, da lungun kacallar da muka ratsa. Mun mayar wa mai kyamara kayansa tare da bayanin duk abin da ya faru, shi kuma ya ce zai sa a sauya murfin idan ya shiga Kano. Don tafiya ta gaba ƙungiya ta fara tara kuɗin batir na biyu, ta kuma sayi bokitin roba mai murfi da za a riƙa saka kyamara a ciki duk lokacin da aka hau kwale-kwale.