Saƙon Goggo

Duk ranar Asabar da hantsi, tun daga watan Yuni har ruwa ya ɗauke, akwai wani direba da yake kira na daga tashar Ƙofar Ruwa. Ba ya doguwar gaisuwa. "Ɗan makaranta, saƙon Goggo ya iso. In ka daɗe zan juya Bici da shi." Sai in zura silifas in fita neman adaidaita.

Saƙon ba wani abin a zo a gani ba ne. Tsohon buhun taki ne da aka wanke, an ɗaure bakinsa da tsumma. A ciki za ka tarar da rama dami biyu, yakuwa, alayyafo, zogale tsinkakke a leda, wani lokaci lalo ko tafasa, sai ƙullin dakakken ƙuli-ƙuli da daddawa da 'yar kanwa. Abin da gona ta bayar a wannan makon shi ake turowa. Ba a tambaya ta me nake so, ni ma ban taɓa cewa ga abin da za a sa ba.

Ranar da na fara shiga da buhun ɗakinmu na haya, muna ND 1, abokan zamana uku suna kwance. Ɗan Gombe ya leƙa ciki ya ɗago ya ce, "Malam, akuya ka saya ne ba ka gaya mana ba?" Aka yi ta dariya, har da ni. Amma ta ciki na ciki. Na tura buhun ƙarƙashin gado, bayan kwana uku wari ya tona mini asiri. Na biyu kuwa mai gadin layinmu na ba wa tun a ƙofa. Gaskiyar magana kunya nake ji. Na zo birni karatun injiniya, ina ganin na baro kwaɗo a ƙauye, ga shi ya biyo ni a mota. Bayan haka kuma, ko da na so, ban iya ba. A gidanmu namiji ba ya shiga madafa. Abinci dai yana fitowa a kwano da murfi, ka ci ka miƙa kwanon.

Yunwa ce ta raba gardamar. Kowa a nan ya san yadda aljihun ɗalibi ya koma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Da daminar 2024 ta kama kuma sai tumatir ya zama kayan gabas. Dama mu mutanen Bici mun san tumatir ɗan rani ne. Lokacin sanyi ake samun sa tuli a kasuwar Badume, daga lambuna da wuraren noman rani irin na madatsar Watari, har a rasa mai saye a yanka a shanya. Da zafi ya tsananta ruwa ya sauka sai ya yi ƙaranci, a waccan shekarar kuma ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta yi ɓarna a 2016, ta sake dawowa. Mu huɗu muka koma garau-garau da safe, taliya da mai da yaji da dare, wata rana garin kwaki. Wani dare ɗan Daura, wanda shi ne babbanmu, ya ce, "Wai ina ganyen akuyar nan ne? Gara mu ci mu yi kuka meee da mu kwana haka."

Washegari na kira ƙanwata, autarmu, domin ita ce mai waya a cikin gida. Na ce ta tambayar mini Goggo yadda ake kwaɗon rama. Sai da ta gama dariyarta son ranta, sannan na ji ta ɗan yi nisa da wayar, ta dawo. "Goggo ta ce ka tsinke, ka wanke sau uku saboda ƙasa, ka dafa har ta yi laushi, ka tsame ka matse ruwan sosai. In ba ka matse ba tsami zai kashe maka haƙori."

Haka muka fara. Kuma mun yi ɓarna ba kaɗan ba. Na taɓa zabga wa miyar lalo kanwa har ta koma ɗanɗanon sabulu. Na taɓa haɗa yakuwa da ɗanyar kuɓewa a tukunya ɗaya don in rage shan gas, miyar ta tsinke kamar ruwan wanki, sai daga baya Auta ta kawo amsa: "Goggo ta ce wa ya aike ka? Ai tsami yana kashe yauƙi." Tafasa kuwa sai da na koyi zubar da ruwan farko kafin maƙwabta suka daina tambayar me ya mutu a ɗakinmu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda buhun yake tsara mana mako ba tare da mun zauna shawara ba. Ba mu da firji, wutar ma sai an ga dama. Saboda haka wanda zai fara lalacewa shi ake fara ci. Alayyafo ba ya kwana biyu, ranar Asabar ɗin za a yi fate da shi, a jefa yakuwa ta tsaya a madadin tumatir, a sa dakakkiyar gyaɗa in akwai. Lahadi lalo da tuwon masara. Rama da kuɓewa suna iya kaiwa Talata in an baza su a kan tabarma ba a bar su cikin leda ba. Zogalen da ya rage a shanya shi a inuwa, ba a rana ba, ranar Alhamis a yi dambu. Juma'a kam sai abin da Allah ya hore. Muka raba nauyi: ɗan Gombe tsaki da garin masara, ɗan Daura man gyaɗa da albasa, ɗan Kazaure gas, ni ganye da girki. Wanda ya fara kiran abin ganyen akuya shi ne ya koma yi mini tuni tun daren Juma'a in sa waya a caji kada direba ya kira ya rasa ni.

Ta cikin buhun nake gane inda damina ta kai a gida, duk da Bici ba nisa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba in hanya ta yi kyau. Farkon ruwa tafasa ce da sabon tohon zogale. In na ga rama da yakuwa sun yi yawa na san an gama noman farko, domin a gefen gona ake shuka su, su ne ma shaidar iyaka tsakaninmu da maƙwabci. A wajenmu babu saura, babu daji, gona na jingine da gona, kowace shekara ana noma ta da takin da aka tara a gida. Gero da dawa a kunya, wake da gyaɗa a tsakani, ganyen miya a baki-baki. Agusta kuɓewa da ɗanyar masara. Satumba ɗanyar gyaɗa da yalo, wata rana har da tumu. In kabewa ta bayyana, to, a fara shirin bankwana. Tafasa da lalo ne dai na lura suna raguwa. Su ba shuka su ake yi ba, da kansu suke fitowa, yanzu kuwa maganin feshi ya yawaita, ba ya bambance ciyawa da miya, kuma ba mai hankalin da zai tsinko ganye a gonar da aka fesa.

A mako na uku na Agusta, ana tsakiyar malka, muna shirin jarrabawa, Asabar ta zo ta wuce direba bai kira ba. Lahadi ma shiru. Na kira Auta raina a ɓace, ko gaisuwar kirki ban yi ba, na ce wai me ya sa ba a turo saƙo ba, an san dai ba mu da komai.

"Yaya, Inna ce ba lafiya. Zazzaɓin cizon sauro, kwana huɗu ke nan tana kwance."

Na ce subhanallahi, Allah ya sawwaƙe. Sannan, don rashin tunani, na ƙara da cewa, "To amma me ya haɗa ciwon Inna da saƙon Goggo?"

Ta yi shiru. Can ta ce, "Yaya, kai fa wani lokaci sai a hankali. Goggon da yana ta rufe wa ido shekara biyu, ita za ta zauna tsinkar zogale?"

A nan ya kamata in yi bayani ga wanda ba a irin gidanmu ya tashi ba. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa faɗar sunana ba, ko sau ɗaya ban ji ba. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Goggo, yayar Baba, a can na girma. In na shiga gaishe da Inna takan amsa tana kallon wani wuri, in tana son a ba ni abu sai ta ce wa yara, "Ku kai wa yayanku." Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka aka yi mata ita ma. Na sani a kaina. Amma yaro yana ganin ana wasa da ƙannensa shi ba a yi da shi, wani abu yana zama a ransa ko ya sani ko bai sani ba.

Auta ta zayyana mini sauran. Ranar Juma'a da yamma Inna take tura yara gona su yanko ganye, ita kuma ta zauna da fitila bayan isha'i tana tsinka tana warewa. Ƙuli-ƙulin daga na sayarwarta take ɗiba. Kuɗin direba daga cinikin man gyaɗarta yake fita, ba daga aljihun Baba ba kamar yadda na ɗauka. Duk amsar da ake kawo mini da "Goggo ta ce", Inna ce take faɗa daga bakin murhu, ta kuma ja wa Auta kunne kada ta ce ita ce. Na tuna buhun da ya ruɓe a ƙarƙashin gado. Na tuna wanda na ba mai gadi.

Ranar Laraba, da na fito daga jarrabawa, na hau motar Bici. Na same ta ta rame, ta sha magani zazzaɓin ya sauka amma bakinta ba ya karɓar komai. Na gaishe ta daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango. Da la'asar na ce wa Auta ta hura mini wuta. Goggo ta jiyo daga ɗaki ta hau salati: "Yau na ga ta kaina! Namiji a madafa, a gidan nan? Abin da bokon ya koya maka ke nan?" Na ce, "Goggo, ai ke kika koya mini, ta waya." Ba ta gane ba, ta ci gaba da faɗa. Yaran maƙwabta har leƙe suke ta katanga.

Faten tsaki na yi, da yakuwa da alayyafo da gyaɗa, don na san mai zazzaɓi yana son ɗan tsami. Hayaƙin itace ba irin gas ba ne, sai da na yi hawaye na gaske. Na zuba a kwano na rufe, Auta ta kai, ni kuma na koma zaure na zauna kamar mai jiran sakamako.

Bayan magariba Auta ta fito da kwanon, saura kaɗan a ƙasa. Na ce me ta ce?

"Ta ce in gaya wa yayanmu yakuwar ta yi yawa, kuma tsakin bai gama nuna ba ya zuba ganye."

Asabar ta sama direba ya kira kamar kullum, ya ce saƙon Goggo ya iso. Ban gyara masa ba. Da na kwance buhun a ɗaki, yakuwar dami ɗaya ce maimakon biyu, a ƙasa kuma akwai sabon muciya da maburgi an naɗe su a tsumma.