Kududdufin Darini da kainuwar da ta lulluɓe shi

Ƙarshen daminar bana na samu hutun kwana uku daga asibiti, na je Darini gaishe da goggona. Daga Katsina mota ta kai ni Batsari, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ta tsakiyar gonaki. An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai. Duk wanda ya san yankin Batsari da Safana ya san yadda ake tafiya yanzu: a fita da hantsi, a koma gida kafin la'asar, saboda dajin Rugu yana kusa.

Washegari na bi 'ya'yan gidan zuwa wani kududdufi a bayan gari, inda aka daɗe ana haƙar ƙasar gini. Ban ga ruwa ba sai kore shar, kainuwa ta rufe shi gaba ɗaya. Wata yarinya ta sa ƙwarya ta ture ganyen gefe, ta ɗebo. Ruwan ya fito garau, har ina ganin zanen gindin ƙwaryar. Ƙaninta ɗan shekara uku ya miƙa hannu zai sha, na riƙe ƙwaryar.

Goggo ta yi dariya da na ba ta labari. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, ku ma'aikatan asibiti komai cuta ne a wurinku. Kainuwa dashen Allah ce, ita ke wanke ruwan. Je ki duba kududdufin da babu ita ki ga yadda ya yi jawur."

Goggo tana da gaskiyarta. Saiwar kainuwa tana reto a cikin ruwa kamar gashi, tana kama laka da dattin da ke yawo, ganyenta kuma yana hana iska dama ruwan. Tana tsotse sinadaran da ke zuwa daga kashin dabbobi da takin zamani da ruwan sama ya wanko daga gona, domin su ne abincinta. Masana sun daɗe da lura da haka. Akwai wata 'yar'uwarta mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shigo Najeriya ta Badagiri a 1984 ta toshe wa jiragen ruwan Legas hanya, kuma tana iya ninka kanta cikin mako biyu. Ita wannan ciyawar ce hukumar NASA ta Amurka ta shuka a tafkuna tun shekarun 1970 don tace ruwan bahaya a cibiyarta ta jihar Misisifi. Haka kachalla, wadda ta cinye gonaki da hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru, a wasu ƙasashe da gangan ake dasa ta a bakin magudana ta tace ruwan ƙazanta kafin ya shiga kogi.

Sai dai a duk wuraren nan akwai sharaɗi: ana kwashe ciyawar a kai a kai. In aka bar ta ta ruɓe a ciki, duk abin da ta tsotsa ya koma ruwan, kifi ma ya rasa iskar shaƙa. Kuma ko a can, ruwan da ciyawa ta tace ba a kai shi randa sai an ƙara kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki.

Nan ne ni da Goggo muka rabu. Ƙwayar kwalara da ta taifot ido ba ya ganinsu, kuma kainuwa ba ta gamawa da su. A 2021 sama da mutum 100,000 aka yi zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, jiharmu tana cikin waɗanda abin ya shafa. Na riƙe yaran da amai da gudawa suka tsotse cikin dare ɗaya, idanu sun zurma, ana neman jijiyar ƙarin ruwa ana rasawa. Da yawa iyayensu za su ce maka, "Wallahi ruwan mai kyau ne, fari tas." Ƙari a kan haka, akwai sauron da tsutsarsa ke manne wa saiwar kainuwa, akwai kuma ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya, wato fitsarin jini, da ke fakewa a irin wannan ganye. Yaron da ke wanka a ciki yana iya ɗauka ko bai sha ba.

Da na ce a riƙa tafasa ruwan sha, matar ɗan Goggo ta dube ni ta ce, "Anti, da wane itace? Wa zai shiga daji yanzu?" Na yi shiru, don tambayar ta fi ƙarfin abin da aka koya mana a makaranta. Daga baya muka zauna muka tsara abin da zai yiwu. Ruwan sha daga rijiyar burtsatse, ko da layin ya yi tsawo. In dole sai na kududdufi, a bar shi ya kwanta, a tace da tsaftataccen ƙyalle, a sa maganin kulorin na ruwa yadda aka rubuta a jikinsa, a jira rabin awa. In babu, a cika farar gorar roba a kwantar a kan rufin kwano cikin rana awa shida, kwana biyu in da hadari. Na yaye da jarirai kuwa a tafasa, ko da karan dawa ne. Kainuwar a bar rabi a kududdufin wanki, samari su riƙa janye sauran, a busar a kai gona ta zama taki.

Ranar da zan taho, na hangi gorori huɗu jere a kan kwanon ɗakin Goggo. Ta ce ba wai na ci gardamar ba ne, jikokinta ne ba ta son wasa da su. Ta cika mini leda da gyaɗa, ta ce in gaggauta kafin rana ta karkata.

Ku fa, 'yan'uwa, daga ina kuke ɗebo ruwan da yaranku ke sha idan famfo ya ɗauke?