Yadda Nake Koya wa 'Ya'yana Karatu a Gida

Sai da na yi furfura kana na koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci. Saboda haka na ƙudura 'ya'yana ba za su dangwala yatsa a takarda ba. Da fari na yi gaggawa, ina tsare su tun hantsi har azahar, har autan ya shiga ɓuya bayan rumbu.

Sai na sake dabara. Kowace safiya harafi guda kaɗai muke ɗauka, su zana shi a ƙasa da tsinke. Da la'asar mu yi ƙidaya da ƙwallon dabino. Da na ga hamma, sai in sallame su. Jiya autan nan ya rubuta sunansa, ba wanda ya kama masa hannu.